Matameye: dawakin yumɓu da yaƙin da ake yi a zaune

Wanda ya tashi daga Damagaram zai je Matameye, sai ya kama babbar hanyar Yamai ya yi yamma, ya wuce Tirmini, in ya kai Takeita ya karya kudu, ya ratsa Kance, kafin ya gama gyangyaɗi na biyu ga shi cikin gari. Tafiyar duka ba ta cika kilomita 100 ba. In kuwa bai sauka ba, mota za ta zarce da shi Ɗan Barto, bakin iyaka, daga nan sai ƙasar Daura. Tun daga Takeita ido ke fara hutawa, gonaki sun haɗe babu daji tsakaninsu, kuma cikin kowace gona ga itatuwan gawo tsaye, waɗanda ke zubar da ganye da damina su yi kore shar da rani, kamar masu gardama da sauran itace. Masana aikin gona na ƙasashen waje sun sha zuwa kallon gawon nan na Matameye da Magarya da Mirya, domin manoma ne da kansu suka raine shi cikin gonakinsu.

Ɗan kasuwa ya san Matameye da rake, wanda ake sarowa daga fadamun Korama a loda kamyo-kamyo. Ya san ta da gyaɗa tun zamanin da ake awo ana kai wa Sonara, lokacin da garin ke da masana'antar matsar mai. Ya san ta kuma da lissafi biyu, na sefa da na naira, wanda ko yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli da ka take yin sa. Ma'aikacin gwamnati kuwa a takardar canjin wurin aiki ya san ta: nan ne mazaunin ferfe na departaman ɗin da ke ɗauke da sunan Kance, mai komin 9, inda ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 400 a ƙasar da ba ta da faɗi. Duk wannan sananne ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau, ƴan uwa masu karatu, wani abu ne da ba ya shiga kundin duwan, ba ya kuma shiga rahoton ferfe, wato wasa. Wasan ma iri biyu, ɗaya na yara a bakin kududdufi, ɗaya na dattawa a gindin bedi, waɗanda in an dube su da kyau rabi da rabi ne na abu guda.

Dalilin faɗin haka, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sha'awa da manya ke kashe wa kuɗi da lokaci, wadda mai jin labarinta karon farko zai ɗauka zolaya ce. Magidanci da gemunsa, likita ko alƙali ko direban jirgin ƙasa, zai sayo ƴan mutum-mutumin soja waɗanda tsawon kowane bai fi gaɓar yatsa ba. Milimita 28 shi ne awon da ya fi yawa, akwai kuma na 15. Suna zuwa babu launi, toka-toka. Sai ya zauna da dare gaban fitila da buroshi mai bakin allura, ya fara shafa musu fentin share fage, sa'an nan launin riga da na wando da na fatar jiki, ya zuba baƙi mai ruwa-ruwa ya kwanta cikin lungunan tufa domin inuwa ta fito, ya goga haske a kan tudu, har maɓallin riga da ƙwayar ido. Soja guda kan ci masa dare guda, runduna kuwa sai ta ci shekara. In ta kammala ya zuba ta cikin akwati ya tafi gidan abokinsa ko zauren ƙungiya, a shimfiɗa babban tebur da aka yi wa tuddai da kogi da ƙauyuka na kwali, a ja daga. Da ma'auni ake auna tafiyar kowace rundunar: dakaru taku kaza, mahaya ninkin haka, igwa tana kaiwa nan ba ta kaiwa can. Sa'an nan a jefa ɗan lido, shi zai faɗi ko harbi ya samu ko ya kuskure.

Asalin abin ba wasa ba ne. A 1812 wani ma'aikacin gwamnatin Purusiya, cikin Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya miƙa wa sarkinsu wani tebur na koyon yaƙi. Abin da ya kamata mutumin Matameye ya riƙe shi ne, gwajinsa na farko a kan rairayi ya yi shi, ya tara ya yi tudu, ya ja yatsa ya yi kwari. Ɗansa, hafsa a rundunar igwa, ya gyara dokokin a 1824, ya mayar da wasan kan taswira, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, da alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ke ganin abin da kowane ɓangare ya ɓoye. Rundunar Purusiya ta karɓa ta sa hafsoshinta su riƙa yi. Da suka ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka ce ashe akwai magana cikin teburin nan, kowa ya kwaikwaya. A ɗaya gefen kuma maƙeran biranen Nurambag da Paris sun daɗe suna zubin sojan dalma domin ƴaƴan masu hali. Marubucin Ingila H. G. Wells shi ya ɗaura auren biyun a idon jama'a da ɗan littafinsa Little Wars na 1913, inda ya tsara yadda manya za su yi yaƙi a daɓen ɗaki da sojan dalma da ƴar igwa mai harba guntun itace. Yau kamfanin Games Workshop na birnin Notingam, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983, yana da kantuna ɗaruruwa a duniya, jarinsa kuwa ƴan sojan roba ne da fenti da littafin doka.

To, mu komo gida. Lokacin da ya fi dacewa a ga rundunar yaran Matameye shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga kaka zuwa farkon ɗari, sa'ad da kududdufai suka fara ja da baya suka bar yumɓu mai danƙo a gefe, kusa da inda masu bugun tubali ke aiki. Nan za ka tarar da su, ƴan shekara 7 zuwa 12, ƴan lakol da almajirai a cakuɗe, kowa hannu dumu-dumu. Yaro zai ɗebo curi, ya tsince tsakuwa, ya cuɗa da ɗan ƙaiƙayi don kada ya tsage. Ya murza gangar jiki, ya ja wuya, ya matse kai da yatsa biyu kunnuwa su fito. Ƙafafu su ne jarrabawa. Mai gaggawa yakan yi su gajeru masu kauri, dokinsa ya fito kamar jaki a yi masa dariya; gwani kuwa tsinke huɗu yake sokawa ya lulluɓe su da yumɓu, wani har ya ɗaga na gaba guda, ya lanƙwasa wuya, ka ce dokin ya ji linzami. Mahayi dabam ake gina shi, ƙafafu a buɗe, domin a iya ɗora shi a iya sauke shi, kuma wannan ba ƙaramar dabara ba ce, don a fagen fama mahayi kan faɗi doki ya tsira a kama shi ganima. A inuwa ake shanyawa, rana fasa shi take. Wanda mahaifiyarsa ke da haƙuri ta bar shi ya tura su cikin tokar murhu su kwana, da safe su fito jajaye masu ƙwari.

Sa'an nan sai ado, kuma a nan ne mai kallo zai daina murmushi ya tsuguna. Babu kantin fenti, amma launi bai gagara ba. Fari daga farar ƙasa ko guntun allin da aka tsinto ƙarƙashin allon mushe. Baƙi daga gindin tukunya, ko tawadar almajiri, wadda ta fi kyau don da ƙaro aka haɗa ta, ba ta gogewa. Ja daga jar ƙasa, shuɗi daga shunin wanki da aka sato wa inna, ruwan ɗorawa da kore kuwa sai an roƙi garura wajen masu rinin kaba. Buroshi gashin kaza ne, ko tsinken da aka tauna bakinsa ya yi laushi. Takarda mai walƙiya ta cikin kwalin sigari ita ce kwalkwali da likkafa, tsumman atamfa shi ne jalala, zaren buhu linzami, ƙayar aduwa mashi, ɓawon kara takobi. Na ga wani yaro ya ɗauki fiye da rabin sa'a yana zana ƴan murabba'ai ja da fari, ɗaya bayan ɗaya, a jikin dokin da bai kai tafin hannunsa ba. Na tambaye shi ko mene ne, ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba: "Lifidi ne, Baba."

Lifidi! Rigar audugar nan mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya kada ta huda, wadda rabon da a shiga yaƙi da ita a ƙasar nan an fi shekara 120. Yaron bai karanta ta a littafi ba, a hawan salla ya gan ta, ko a hoton hawan Damagaram da na Daura, hannunsa kuma ya riƙe abin da idonsa ya gani. Haka sunayen dawaki. In baƙo ya ce a miƙo masa baƙin dokin can, sai a gyara masa, akawal ne. Wancan kili ne, wancan bidi, ga hurde, ga gunya, ga danda. Ma'aikata nawa ne cikinmu, masu difloma a bango, za su iya jera waɗannan sunaye su nuna kowane? Kalmomi ne da suka rayu shekaru ɗaruruwa a bargar sarakuna da bakin dillalan dawaki, yau babur ya kore su daga kasuwa, sun samu mafaka a bakin kududdufi.

Yaƙin kansa yana da doka, ko da yake dokar kan canza daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci daga safe zuwa maraice. Inda na kalla, kowane ɓangare ya gina ganuwar rairayi da ƙofa, ya jera mahaya a gaba, sarki can baya ƙarƙashin laimar murfin kwalba, dogarai biyu masu ja da kore a gefensa. Aka ja layi a ƙasa, daga bayansa ake jifa da ƙwallon aduwa, bi da bi. Mahayin da ya faɗi ya mutu. Dokin da ya faɗi bai karye ba ya zama ganimar mai jifa. Wanda ya kuskure sau biyu a jere dole ya matso da mahayi guda gaba, inda ya fi sauƙin samu. Sarki na faɗuwa yaƙi ya ƙare. Babban cikinsu, wanda ba shi da doki ko ɗaya a fagen, shi ke raba gardama, kuma gardamar ba ta ƙarewa. Wanda ya san dokokin Wells zai yi mamaki: layin jifa, da harbi bi da bi, da kama ganima, duk ga su, ba kuwa wanda ya fassara wa yaran nan littafin 1913.

Amma rundunar yau ba ta dawaki zalla ba ce. A bayan mahaya akwai motocin kara da na gwangwani, buɗaɗɗun baya, da bindiga a kafe bisa, akwai babura ɗauke da mutum biyu-biyu. Yaro abin da ke yawo a zancen manya da hotunan salula yake ginawa, zancen manya kuwa tun 2015 bai rabu da Difa ba, daga baya ga Tilaberi, ga iyakar Maraɗi. Ban ji daɗin ganin motocin nan ba, ban kuma ga laifin yaran ba.

Rabi na biyu yana cikin gari, inda duk aka samu inuwa da rairayi mai laushi: bakin tasha, bayan rumfunan kasuwa in ba ranar ci ba, ƙofar gidan wani dattijo bayan la'asar. Dara ke nan. Ba darar gurbi 12 da ake zuba ƙwaya ana kwashewa muke nufi ba, a'a, mai gida 30, layi 5 a kwance 6 a tsaye, wadda Zabarmawa ke kira dili. Ba a sayen komai. Da tafin hannu ake share fili, da yatsa ake tona gidaje. Ɗaya ya karyo tsinke 12, ɗaya ya tsinto tsakuwa 12 ko ƙwallon dabino, runduna ta haɗu. Da farko shuka ake yi, kowa ya aje ɗa guda bi da bi har su ƙare, kuma a lokacin an hana jera uku. Sa'an nan a fara tafiya, taku guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci, ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Wanda ƴaƴansa suka ragu har ba ya iya jera uku, an cinye shi.

Doka ke nan da za a koya wa yaro cikin minti biyar, amma mutum ya tsufa bai gama sanin ta ba. Gwanaye na cewa tun wurin shuka ake cin dara, tafiya bayyana abin da aka riga aka yi kawai take. Abin da kowa ke nema shi ne ya kafa ƴaƴansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, ya je ya cika uku, ya dawo ya cika uku, kowane taku da ci. Sunan wannan tsari doki. Wasu ma wasan gaba ɗaya suke kira doki. Wanda aka ɗaure wa doki sai ya miƙe ya kaɗe riga, domin babu sauran magani, sai in yana da ɗan da zai jefa cikin gidan ya toshe hanya. Ga sadaukar da ɗa guda don a ceci uku, ga tarkon da ake bari a buɗe kamar mantuwa, ga tsare mashiga. Duk abin da hafsan Purusiya ke nema a teburinsa na rairayi, ban da taswira, yana nan. Ba banza ba Bahaushe ya ɗauko karin magana daga nan ya ce dara ta ci gida, in makirci ya juyo kan mai shi.

Daɗin dara kuwa rabinsa a baki yake. Na zauna wajen wasu dattawa biyu, ɗaya tsohon ma'aikacin duwan da ya yi ritaya, ɗaya dillalin rake, waɗanda aka ce mini sun fi shekara 20 suna karawa. Mai tsinke ya kafa nasa da ƙarfi ya ce: "Alhaji, kayanka sun iso bariyar, fito da takardu." Mai tsakuwa bai ko dube shi ba, ya tura ɗa guda gefe ya ce: "Ranka ya daɗe, ai ta bayan gari muka biyo." Ƴan kallo goma sha, kowa na ganin abin da masu wasan ba su gani ba, kowa an hana shi magana, ba kuwa wanda ya yi shiru. A watannin da aka rufe iyakar Najeriya, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, fagagen dara na garuruwan bakin iyaka ba su rasa jama'a ba, don ɗan kasuwar da kayansa suka tsaya ba shi da abin juyawa sai tsinke.

Sai dai a faɗi gaskiya, dara ta zama ta masu furfura. Ma'aikata sun fi son belot da dam, samarin fada kuwa in ba lido da karta ba, to kowa ya sunkuya kan salularsa shayi na tafasa. Ba mu ce belot laifi ba ne. Amma karta sa'a ce rabinta, dara kuwa babu sa'a cikinta ko ta anini; wanda aka ci, kansa ne aka ci.

Ga rabi biyu ke nan a gari guda, tsakaninsu tafiyar minti goma, ba su taɓa gaisawa ba. Yaro yana da runduna mai ado amma dokarsa jifa ce. Dattijo yana da doka mai zurfi amma rundunarsa tsinke ce. Turawa ba su fi mu ko ɗaya daga cikin biyun ba, abin da suka yi kawai sun haɗa su, suka kuma ƙara na uku, wato tarihi. Mai wannan sha'awa a Faransa ba zai shafa wa sojan Napoliyon launin riga ba sai ya bincika littafi ya tabbatar, ba zai ja dagar Watalu ta 1815 ba sai ya san inda kowace runduna ta tsaya da ƙarfe nawa ta iso. Ta haka mai sayar da burodi ke zama masanin tarihin ƙasarsa ba tare da ya sani ba. Har yaƙoƙin Afirka ba su bari ba: ana zubin mayaƙan Zulu na 1879, da ansar ɗin Mahadin Sudan, ana sayarwa kwali-kwali.

Mu kuwa abin ginawa bai ƙare mana ba. Ƙasar nan ta Kance tana tsakanin Damagaram da Daura da Kano, kuma ƙarni na 19 bai bar ta ta huta ba. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙeransa suka yi zubin igwa a Zinder. Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, sunayen Gezawa da Tattarawa na cikin labarin. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A watan Yulin 1899, bayan sojojin Voulet da Chanoine sun kashe shugabannin nasu biyu a yankin Tasawa, ragowar rundunar ƙarƙashin Laftana Pallier da Joalland ta gamu da mayaƙan Damagaram a Tirmini, garin nan da motarmu ke wucewa ba ta ko rage gudu. Aka ci Damagaram, Faransawa suka shiga birni, Kuran Daga kuma aka kashe shi cikin shekarar. Marigayi André Salifou, ɗan Zinder, ya rubuta tarihin daular a 1971, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Littattafan suna nan, da Faransanci, a kabad.

Ɗan lakol yana haddace "Tirmini, 1899" don jarrabawa, ya manta kafin hutu ya ƙare. A ce mushe ya fitar da ajinsa tsakar makaranta, aka share rairayi, aka ce wa ƴan bakin kududdufi su kawo dawakinsu, aka jera mahaya masu yawa a nan, ƴan bindiga kaɗan a can sun yi sahu, aka sa doka cewa bindigar zamani tana kaiwa taki goma, mashi sai an matso taki ɗaya. A bar yaran su gwada. Za su kai sukuwa sau ɗaya, sau biyu, su ga mahayansu na zuba kafin su isa, sa'an nan wani zai ce: to in muka jira dare fa? In muka tsare rijiya? In muka bar su suka shigo gonaki? Yaron da ya yi wannan tambaya ya fahimci abin da ya faru a Tirmini fiye da wanda ya ci 18 bisa 20. Kuma abin ba baƙo ba ne a al'adarmu: a wasan kara na Damagaram samari kan ƙera bindiga da agogo da tabarau na kara su kwaikwayi sarki da kumandan, langa kuwa yaƙi ne sosai da ƙafa guda.

Akwai masu ƙyamar abin, kuma maganarsu ba ta yarwa ba ce. Wasu malamai na hana gina surar mai rai, da yawa kuma sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisin da ya ambaci dokin wasa mai fukafukai cikin ƴan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wannan fagen malamai ne, mu ba mu shiga. Dara ma ana zarginta da cinye lokacin salla, amma fagen da na zauna ladan na ɗaga murya aka bar tsinke a kafe, aka sa yaro gadi don kada wani ya gyara wa kansa. Masu cewa kuma bai dace a mai da yaƙi wasa ba a ƙasar da ake binne sojoji, muna jin su. Amsarmu ita ce yaron da ya kwana uku yana zana lifidi, jifa ɗaya ta mai da dokinsa gari, ya san wani abu game da tsadar yaƙi wanda mai harbi cikin salula bai sani ba, don shi nasa sojan in ya mutu danna maɓalli yake ya tashi.

Abin da ke kashe dawakin yumɓu ba fatawa ba ce. Na farko roba: bindigogi da motocin Sin masu arha da ke shigowa ta Kano da Daura, a zube a faranti ranar kasuwa da ranar salla. Yaron da aka saya wa motar roba ba ya komawa kududdufi, kuma motar ba ta kai mako. Na biyu ya fi ciwo. Yaro sai yana gida, cikinsa da ɗan abu, yake da sukunin zana lifidi. Departaman ɗin nan kuwa shi ne wanda aka sani da tafiyar mata da ƙananan yara Aljeriya neman taimako. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, kuma mafi yawansu daga ƙasar Kance. Da yawa cikin yaran nan tsaran masu ginin dawakin ne.

Ga ƴan kasuwa kuma, tunda shafin naku ne, ga lissafi. Abin da Bature ke biya da tsada cikin wannan sha'awa ba roba ba ce, hannu ne, har akwai masu sana'ar shafa wa sojan wasu fenti a biya su. Hannu kuwa muna da shi: dukawan Zinder da ke zanen fata da bakin wuƙa, maƙeran farin Agadas da ke fitar da raƙumi ƙarami da azurfa, masu sana'ar gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Na kai wa wani mai zubin tukwanen alminiyam a bayan kasuwa dokin yumɓu guda da na saya wajen yaran dala ashirin, na tambaye shi ko zai iya zuba irinsa. Ya jujjuya shi, ya auna da yatsa, ya ce jiki da mahayi ba wuya, a danna cikin rairayin zubi kamar marfin tukunya, gwangwanin lemo kaɗan sun isa doki. Wahalar tana ga ƙafafu, don narkakken ƙarfe ba ya son siririyar hanya, yakan daskare kafin ya kai kofato, sai dai a kafa dokin bisa ɗan faranti a zuba ta ƙasa. Mashi kuwa ya ce kada a wahalar da kai, a yanko wayar ƙafar keke a soka. Ya ce in na kawo guda goma iri dabam-dabam, da mai lifidi da mai kakaki da dogari, zai gwada bayan ya sallami masu tukwanen biki.